Hanya ta kowa ce, rumfa ce ta mai ita

A wannan mako zan ɗan jingine zancen jam'iyyu da rabon muƙamai, in ɗauko wani batu da mutane ke yi wa kallon sha'anin injiniyoyi, alhali kuwa ya shafi aljihun kowane ɗan kasuwa da kowane ma'aikaci a ƙasar nan. Batun shi ne kuɗin da ke cikin wayar salula, da kuma wanda ke da ikon cewa ga inda za su shiga, ga inda ba za su shiga ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen albasa a Galmi ko gero a kasuwannin Damagaram ya san wannan wahala. Mai saye yana da kuɗinsa a asusun wani kampanin waya, mai sayarwa kuma nasa asusun yana wani kampanin daban. An yi ciniki, an sallama, sai biya ya gagara. Dole mai saye ya nemi rumfar wakilin kampaninsa, ya cire tsaba, ya biya ladan cirewa, ya ƙudundune kuɗin a aljihu, ya ratsa kasuwa yana waige-waige har ya isa rumfar ɗaya kampanin a zuba. In an yi rashin sa'a wakili ya ce yau ba shi da tsaba, to, ciniki ya kwana. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Albashinsa ya faɗa banki a Yamai, mahaifiyarsa tana wani ƙauye a bayan Tasawa inda babu banki sai wakilin waya ko na kampanin aiken kuɗi, kafin abin cefane ya kai hannunta an gutsure shi sau biyu, wani lokacin sau uku. Shekara da shekaru muna haka, har muka ɗauka ƙaddara ce.

To, ba ƙaddara ba ce, tsari ne da mutane suka yi, kuma mutane na iya warware shi. Maganinsa shi ne abin da za mu kira jituwar na'urori, wato na'urorin wannan kampani da na wancan su yarda da harshe guda da ƙa'ida guda, ta yadda abin da ya fito daga ɗaya zai shiga ɗayan ba sai mutum ya ɗauke shi da hannu ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwa. Abzinawa da Fulani da Barebari suna haɗuwa a kasuwa su yi ciniki da Hausa, kowa ya koma gida da harshensa. Tiya ɗaya ake auna wa kowa, shi ya sa mai saye ke iya gwada farashin wannan da na wancan. Da a ce kowane mai hatsi yana da tiyarsa da harshensa, da babu kasuwa, sai dai gidajen da aka jera kusa da juna.

Mun ma riga mun ga amfanin wannan jituwa da idonmu. Manya na tuna lokacin da talho ke hannun hukuma guda, mutum ya rubuta takardar neman layi ya yi ta jira. Da aka buɗe fagen, Celtel ta shigo a 2001, Orange ta biyo a 2008, wasu ma suka shigo, har salula ta kai hannun mai kanti da makiyayi. Amma buɗe fage kaɗai da bai wadatar ba. Abin da ya sa gasar ta yi ma'ana shi ne doka ta wajabta wa kampanoni su haɗa layukansu, kuma aka kafa hukumar sa ido tun 1999, wadda aikinta na fannin sadarwa ke hannun ARCEP tun 2018. Da an bar kowa da nasa, da sabon kampani bai sami ko mutum ɗaya ba, domin ba wanda zai sayi layin da ba ya kiran kowa. Yau mai layin Airtel yana kiran mai Moov ko Zamani ba tare da ya yi tunani ba. In murya tana ƙetarawa, me zai hana kuɗi, tunda dukansu lambobi ne ke tafiya cikin iska?

Amsar tana cikin lissafin kasuwa. Asusun waya yana ƙara daraja gwargwadon yawan mutanen da za ka iya tura wa kuɗi da shi. Saboda haka wanda ya riga kowa tara jama'a, sababbi ma wurinsa za su je, ko da ladansa ya fi tsada, ko da hidimarsa ta fi rauni, don kawai abokan hulɗarsu suna can. Irin wannan kampani ba shi da dalilin buɗe ƙofarsa, domin katangar ita ce jarinsa. Ba mugunta ba ce, kowane ɗan kasuwa da ya sami kansa a wannan matsayi haka zai yi. A Tanzaniya, inda kampanonin waya suka fara haɗa asusunsu bisa yarjejeniyar kansu a 2014, Airtel da Tigo da Zantel ne suka fara, mafi girmansu kuwa, wato Vodacom, bai shigo ba sai 2016. Wanda ya ƙoshi ba ya gaggawar zuwa wurin rabo.

Hasarar da katanga ke jawowa ba ta tsaya ga ladan da ake biya sau biyu ba. Babbar hasarar ita ce sana'o'in da ba a haifa ba. Wani matashi a Maraɗi da ya iya tsara manhajar tara kuɗin adashi, ko ta biyan kuɗin makaranta, ko ta lissafin kanti, in babu hanya guda sai ya bi kampanoni da bankuna ɗaya bayan ɗaya yana neman izini, kowa da sharaɗinsa da kuɗinsa, har ƙarfinsa ya ƙare kafin ya sami mai saye na farko. A ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba ta saki fasahar shafukan intanet kyauta ga kowa, ba izini ba haraji, kuma a kan wannan buɗaɗɗiyar hanya aka gina kusan duk abin da muke gani yau a wayoyinmu. Kusa da mu ma akwai darasi. Nijeriya tana da hanyar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna tun 2011. Lokacin da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sababbin kampanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka kwashi jama'a, domin asusunsu na iya aikawa da karɓa daga kowane banki. Ƴan kasuwarmu da ke bin hanyar Jibiya da Katsina da Kano sun ga yadda mai shayi da mai nama suka koma karɓar kuɗi ta waya. Da babu waccan hanya ta kowa, da ƙananan ba su tsaya gaban tsofaffin bankuna ba.

Abin lura shi ne, a inda abin ya yi nisa, hukuma ce ta shige gaba. Ghana ta haɗa asusun wayoyinta a Mayun 2018 ta hannun wani kampani mallakar babban bankinta. A Barazil babban banki ne da kansa ya gina tsarin Pix, ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2020, ya tilasta wa duk cibiyar da ke da asusu fiye da 500,000 ta shiga, ya kuma ce aike tsakanin mutum da mutum kyauta ne. A Indiya tsarin UPI da aka fara a 2016 ya haura hada-hada miliyar 10 a wata guda a cikin Agustan 2023.

Mu ma a yankin sefa an taka wannan mataki. A ranar 30 ga Satumba 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da dandalin PI-SPI domin ƙasashe 8 na UEMOA, har da Nijar, da nufin kuɗi su riƙa ƙetarawa nan take, dare da rana, tsakanin banki da asusun waya da ƙananan cibiyoyin ba da rance. Wannan abin yabo ne. Sai dai yanke kyalle a Dakar daban, isowar abu kasuwar Dole daban. Hanyar da aka shimfiɗa amma manyan motoci suka ƙi hawa, ko aka cika ta da shingayen karɓar kuɗi, sunanta hanya ne kawai.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko suna cewa kampanin da ya kashe dukiya ya dasa wakilai har ƙauyukan Tawa da Zinder, ba adalci ba ne a ce wanda bai dasa ko ɗaya ba ya zo ya ci gajiyarsu. Gaskiya ne, kuma amsarsa ita ce a yanke wani lada madaidaici tsakanin kampani da kampani, wanda hukuma za ta ƙayyade bisa ainihin abin da aka kashe, kamar yadda ake yi wa kiran waya. A biya mai rijiya kuɗin guga, amma kada a ba shi ikon hana gari ruwa. Na biyu suna cewa buɗe ƙofofi zai sauƙaƙa wa ƴan damfara. Wannan ma haka yake, domin kuɗin da ke gudu nan take, na sata ma nan take suke gudu. Dole a san wanda zai ɗauki alhaki in kuɗi sun ɓata tsakanin gida biyu, da inda talaka zai kai kuka, da ranar da za a ba shi amsa. Na uku, jituwa ba ta hana wani ya yi kane-kane. A Indiya ɗin nan kampanoni biyu, PhonePe da Google Pay, sun riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na hada-hadar UPI a 2024. Bambancin kawai shi ne, wanda ya gaji da su yana iya barinsu ba tare da ya rabu da abokan cinikinsa ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Hujja ta huɗu ta fi nauyi a wurinmu. Ba mu manta da takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ba, lokacin da hulɗar kuɗi da maƙwabta ta tsaya, ma'aikata suka yi ta layi a ƙofar bankuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka mai cewa kada mu rataya dukan cinikinmu a hanyar da makullinta ke waje yana da dalili. Amma rarrabuwar asusunmu ba ta kare kowa ba a wancan lokaci, sai ma ƙara wahala da ta yi. Abin da hankali zai ɗauka shi ne mu shiga hanyar yanki domin fataucinmu da Kwatano da Lome da Abijan, mu kuma dage a rubuta a fili cewa biyan da ɗan Tasawa zai yi wa ɗan Magarya ba ya cikin abin da rikicin siyasa zai iya dakatarwa, tare da tanadin hanyar cikin gida da za ta ɗauki kaya in wata rana ta baci.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Hukumomin da abin ya shafa su tsaya a kan cewa shiga hanyar kowa wajibi ne ga duk mai riƙe kuɗin jama'a, babba da ƙarami, banki ne ko kampanin waya ko na aiken kuɗi. Ladan aikawa zuwa wani gida kada ya ɗara na aikawa cikin gida, domin katangar farashi ma katanga ce. Ƙa'idojin shiga su kasance a rubuce, iri ɗaya ga kowa, yadda matashin Maraɗi zai karanta ya san abin da ake bukata ba sai yana da uban gida a Yamai ba.

Ita ma gwamnati ta fara da gidanta. Ta karɓi haraji da kuɗin duwan da na takardu daga kowane asusu, kada ta ba kampani guda wannan ƙofa. In za a sayo wa ma'aikatu kwamfutoci da manhajoji, a sa sharaɗin cewa za su iya musayar bayani da na sauran ma'aikatu, kuma bayanan na ƙasa ne, ana iya kwashe su ranar da kwangila ta ƙare. Muna da izina a titin jirgin ƙasa: wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 faɗinsa mita 1 ne, wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435, jirgin da aka ƙera domin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Ma'aikacin da ke sa hannu a kwangilar manhaja yau, faɗin titi yake zaɓa wa waɗanda za su gaje shi.

Ku kuma ƴan kasuwa, kuna da majalisarku da ƙungiyoyinku, kun kuwa san yadda ake ɗaga murya in an taɓa kuɗin fito. Wannan ma kuɗin fito ne, sai dai a kullum ake karɓarsa, kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a jin zafinsa. Ku tambayi bankinku da wakilinku ko sun shiga hanyar, in sun shiga nawa suke yanka, in ba su shiga ba yaushe. Kowa ya ƙawata rumfarsa, ya sauƙaƙa farashi, ya kyautata wa mai saye, wanda ya fi iyawa ya kwashi kasuwa, halalinsa ne. Amma hanyar da ke kai mutane kasuwar, kada a bari wani ya ce tasa ce.

Allah ya sa mu dace, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.