Kafin a sayi allon 4K, a tambayi kwamfutar da za ta tuƙa shi

Tunda Daura ta samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, dole za a riƙa sayen kwamfutoci da manyan alluna domin ɗakunan karatu. Shawarata ga masu rubuta takardar sayayya ita ce su daina auna allo shi kaɗai. Allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, amma ba ya nuna fiye da abin da kwamfuta ta aiko masa, kuma katin hoto da manhajarsa, wato direba, su ke yanke abin da za a aiko. A kafar HDMI, wadda ke haɗa kwamfuta da allo, tsarin HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar 4K ne sau 30 kacal a daƙiƙa. Sai HDMI 2.0 na 2013 ya kai 60. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa, irin waɗanda ake sarowa daga Kano, suna tsayawa a ɗigo 1920 da 1200 ta wannan kafa. Sai rubutu ya fito dishi-dishi, a ɗora wa waya laifi, a sayi sabuwa, matsalar na nan daram.

Za a ce wannan iyaka kariya ce, don kada a tura wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. A 2024 kamfanin AMD ya bayyana cewa ƙungiyar HDMI Forum ta ƙi amincewa ya saka HDMI 2.1 cikin buɗaɗɗen direbansa na Linux, alhali katin hotonsa yana iyawa. Wannan shingen lasisi ne, kuma kafar DisplayPort ba ta da shi.

Wani kuma zai ce allo mai ɗigo 1080 a tsaye ya wadatar. Ga gidan kallon ƙwallo ko cibiyar jarrabawar JAMB, na yarda, kuma a nan sayen 4K ɓarnar kuɗi ce. Ɗalibin da ke zana taswirar layin dogo kuwa, siraran layuka da ƙananan lambobi su ne aikinsa. Don haka a rubuta cikin kwangila: yawan ɗigo, sau nawa a daƙiƙa, ta wace kafa, da wane direba. A jona komai a gaban mai kawo kaya kafin a biya shi.