Rumbu, mangaza da injin niƙa: ina hatsin Gangara yake kwana?

Ƴan uwa manoma na Gangara da sauran ƙasar Damargu, tun zamanin kakanni ana kiran ƙasarmu rumbun Azbin. Ayarin Buzaye kan sauko ya ɗauki gero a nan, ya kai shi har Fashi da Bilma, a musanya da gishiri da dabino. Baturen Jamus mai suna Barth ya ratsa Damargu a 1851, ya shaida cewa da hatsin nan mutanen Azbin suke rayuwa. Alhali ruwan sama a wajajen Tanut bai cika wuce milimita 300 a shekara ba. Faɗin gonaki ya taimaka, amma babban abin shi ne iya ajiya.

Mu dubi rumbun da iyayenmu suka bar mana. Ana ɗora shi bisa duwatsu ko itatuwa, don kada damshi da gara su kai gare shi. A kewaye shi da zana, a rufe da jinka mai tsini wadda ruwa ba ya kwana a kanta. Ana kafa shi nesa da ɗakunan kwana saboda gobara. Gero kuma da zangarniyarsa ake jera shi, ba a sussuka ba. Iska tana ratsawa, ƙwaro ba ya samun shiga cikin sauƙi. Gero irin wannan yana shekara biyu ko uku bai lalace ba. Akwai wata hikimar kuma: hatsin da ba a sussuka ba yana da wuyar sayarwa da gaggawa. Kafin a fitar da dami, a sussuke, a sheƙe, mai gida ya sake tunani.

Bayan yunwar 1931, Nasara ya tilasta wa talakawa rumbun tsimi. Manufar ba ta da laifi, amma hatsi naka ne, izinin buɗewa na wani. Don haka mutane suka ƙi shi. A 1970 gwamnati ta kafa OPVN da mangazunta na siminti da kwano. Bayan farin 1973 da na 1984, bankunan cimaka suka bazu a ƙauyuka.

Mu ba ma ƙin bankin cimaka. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, buhun gero ya kusa jika 30 a wasu kasuwanni. Garin da yake da mangaza cike ya san amfaninta a wannan shekara. Amma da yawa sun zama kango. Gini yana tsaye, ƙofa da kwaɗo, ciki babu ko tiya ɗaya. An ba da bashi da damina, kaka ta zo ba a biya ba, kwamiti kuma yana jin nauyin tambayar suruki ko ɗan uwan mai gari. Sa'an nan wasunmu sun daina gina rumbu, suna cewa ai akwai mangaza. Sai su kwashe gero zuwa kasuwar Bakin Birji da kaka a farashin banza, su sayo shi da tsada lokacin noma.

Ra'ayinmu shi ne kowane gida ya riƙe rumbunsa, mangaza ta zama ta ranar wuya. A rubuta kowane buhu da ya shiga ko ya fita, a karanta lissafi gaban jama'a, a sa mata cikin kwamiti, tun da su suka san tiya nawa gida yake ci.

Injin niƙa kuwa ya hutar da mata daga dutsen niƙa da turmi, wannan babu gardama. Sai dai shi ma yakan mutu don ba a ware kuɗin gyara daga abin da ake karɓa. Ga kuma batun lafiya. Idan an wasa haƙoran inji, garin farko yana fitowa da ɓurɓushin ƙarfe. A fara niƙa dusa a zubar, kafin a zuba hatsin mutane. Hatsin da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a mangaza, a baza shi ya sha iska sosai kafin a kai niƙa, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin da aka sa maganin.