Ina Ya Kamata Manazarci Ya Ajiye Bayanansa: Manhajar Kundi Ko Zallar Rubutu?

Tun daga ranar da ɗalibin kimiyya ya fara sa ƙafa a ɗakin gwaje-gwaje ake cusa masa wata ƙa'ida, wato abin da ido ya gani amma hannu bai rubuta ba tamkar ba a gan shi ba ne. A da, littafi mai ƙaƙƙarfan bango da fensir su ne abokan tafiyar manazarci, ko yana gaban madubin ƙara girman abu ko yana cikin fadama yana ƙirga tsuntsaye. A yau mafi yawan wannan rubutu ya koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, kuma duk wanda ya zauna gabanta da niyyar ajiye abin da ya gani ko ya karanta, hanyoyi biyu ne a gabansa.

Hanya ta farko ita ce manhajar kundi, wato irin su OneNote da kamfanin Microsoft ya fitar a 2003, ko Evernote da ta yi tashe daga 2008. Waɗannan suna ba mutum shafuka masu kyan gani, yana liƙa hotuna, yana saka launi, yana rarraba bayanai aji-aji, ita kuma manhajar tana tattara komai ta adana a wata siga tata. Hanya ta biyu ita ce manhajar zallar rubutu, irin Notepad da ke zuwa tare da Windows tun 1985, ko vi da Bill Joy ya rubuta a 1976, ko Emacs. Abin da waɗannan ke samarwa fayil ne wanda babu komai a cikinsa sai haruffa da lambobi da alamomin rubutu, babu ado ko kaɗan. Wanda ya dubi hanyoyin biyu da ido kawai zai ce ai wannan ba abin musu ba ne, domin wa zai bar gidan bene ya koma bukka? Sai dai gidan benen na haya ne, bukkar kuwa ta mai ita ce, kuma ra'ayin wannan maƙala shi ne duk bayanin da manazarci yake fatan a karanta bayan shekara ashirin, to a cikin zallar rubutu ya kamata ya zauna.

Domin a fahimci dalili, sai a fara da tambayar tsawon lokacin da bayanin masanin halittu yake da amfani. Joseph Grinnell, wanda ya zama shugaban farko na gidan adana dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1908, ya tilasta wa kansa da ɗalibansa wani tsari na rubuta bayanan daji: kwanan wata, wuri, yanayin sama, tsirran da ke wurin, da kowace dabba da aka gani, duka da tawada mai dawwama a kan takarda mai inganci. Ya yi hasashen cewa ba za a ga cikakken amfanin wannan wahala ba sai bayan shekaru masu yawa, wataƙila ƙarni guda. Haka kuwa aka yi. Wasu masana sun ɗauki littattafansa suka bi sawunsa a tsaunukan Yosemite, inda shi da mutanensa suka yi aiki tsakanin 1914 da 1920, kuma a 2008 suka wallafa a mujallar Science cewa rabin nau'o'i 28 na ƙananan dabbobi masu shayarwa da suka bincika iyakar mazauninsu ta matsa sama da kimanin mita 500, abin da ya yi daidai da ɗumamar da wurin ya yi. Ba don ana iya buɗe waɗancan littattafai a karanta ba, da wannan ilmi bai samu ba. Duk wanda yake rubuta ranar da ɗorawa ta fara fure a wani daji, ko yawan agwagin ruwa da suka sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, irin wannan ajiya yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

To yaya ajiyar zamanin kwamfuta take ƙarko? Timothy Vines da abokan aikinsa sun nemi ainihin bayanan maƙaloli 516 da aka buga tsakanin 1991 da 2011 a kan ma'aunin siffofin tsirrai da dabbobi, suka bayyana sakamakon a mujallar Current Biology a 2014. Sun gano cewa damar samun bayanan tana raguwa da kashi 17 cikin ɗari a kowace shekara. Daga cikin dalilan da marubutan tsofaffin maƙalolin suka bayar akwai ɓacewar bayanan ɗungurungum, da kuma maƙalewarsu a cikin faya-fayan da babu sauran na'urar karanta su. Bayanin da Grinnell ya rubuta da hannu ya haura shekara ɗari, na kwamfuta kuwa shekara ashirin ta gagari da yawansu.

Manhajar kundi tana ƙara wani haɗari a kan wannan, domin rayuwar bayanin ta rataya ne a kan rayuwar kamfani da kuma shawarar da masu shi suka yanke. Google ta buɗe Google Notebook a 2006, ta rufe shi a 2012. Springpad, wadda ta yi gogayya da Evernote, ta rufe a 2014. Ita kanta Evernote wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya saye ta, kuma a Disambar 2023 aka taƙaita masu amfani da ita kyauta ga bayanai 50 da kundi ɗaya tak. Gaskiya ne cewa a irin waɗannan lokuta akan ba mutane damar kwashe kayansu, amma kwashe bayanai dubu daga wata siga zuwa wata aiki ne da ba kasafai ake gama shi ba tare da an zubar da wani abu a hanya ba, ko tsarin rabe-raben, ko alaƙar da aka ƙulla tsakanin wannan shafi da wancan. Ga malamin jami'a da ake biya da naira kuwa, kuɗin rajistar da aka yanke da dala ya zama wani nauyi dabam tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Bahaushe dai ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Zallar rubutu ba ta da mai ita. Tushenta shi ne tsarin ASCII na 1963, wanda ya ba kowane harafin Ingilishi da lamba da alama lambarsa a cikin gurabe 128, kuma fayil ɗin da aka rubuta da shi shekara hamsin da suka wuce kowace kwamfuta ko wayar hannu ta yau za ta buɗe shi. Masana halittu ma ba baƙi ba ne a nan, hasali ma a kan zallar rubutu suka gina mafi girman taskokinsu. Taskar GenBank, da aka kafa a 1982 domin tara jerin sinadaran gado na DNA, tana raba bayananta a wannan siga har yau. Sigar FASTA, wadda ta samo asali daga aikin David Lipman da William Pearson na 1985, ba komai ba ce illa layi ɗaya na suna da ke farawa da alamar >, sai jerin haruffan A da C da G da T a ƙarƙashinsa. Lokacin da aka fitar da jerin gadon ƙwayar cutar korona a Janairun 2020, haruffa ne kusan 30,000 da kowa zai iya buɗewa da Notepad, kuma daga gare su dakunan bincike a nahiyoyi dabam-dabam suka kama aikin gwaji da rigakafi. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya yarda da wannan siga wajen ajiye sirrin halitta ya ƙi yarda da ita wajen ajiye tunaninsa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato manhajar zallar rubutu ba ta da karambani. Abin da aka buga shi take ajiyewa. Manhajoji masu wayo kuwa sukan yi ƙoƙarin gyara wa mutum abin da bai ɓaci ba, kuma babban misali ya zo ne daga manhajar lissafi ta Excel, wadda takan ga sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1 ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris. Mark Ziemann da abokansa sun ba da rahoto a 2016 cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka duba masu ɗauke da irin wannan jeri suna da wannan kuskure. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wasu sunaye, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1. Wato kimiyya ce ta kauce wa manhaja hanya. Excel ba manhajar kundi ba ce, amma halin ɗaya ne da na duk manhajar da ke gyara ƙa'idar rubutu da kanta, kuma wanda ya taɓa buga sunan tsiro da Latinanci ko da Hausa a irinsu ya san yadda suke yi masa.

Sunayen ma ba a tsaye suke ba. Gawo, wanda tsofaffin littattafai suka sani da Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ne. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica. Manazarcin da bayanansa na shekara goma sha biyar suke cikin fayilolin zallar rubutu, da umarni guda zai zaƙulo duk inda tsohon suna ya fito, ya ƙara sabon a gefensa, ko da fayilolin sun kai dubu biyu, kuma ko da manhajar da ya rubuta su da ita ta daɗe da mutuwa.

Mai rubutu da Hausa yana da wani sharaɗi da dole ya kiyaye. Tsarin ASCII bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, shi ya sa a shekarun 1990 aka riƙa amfani da wasu samfuran haruffa na musamman waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi. Da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da wannan samfuri, sai ƙasa da ɗaki su koma tarkacen alamomi. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya warware matsalar ta hanyar ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da na Larabci da ake rubuta ajami da su, sannan Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar adana shi da ake kira UTF-8 a 1992. Saboda haka zallar rubutun da ake magana a kai ita ce wadda aka adana a UTF-8. Notepad ta mayar da wannan ya zama zaɓinta na farko tun 2019, amma mai tsohuwar kwamfuta sai ya zaɓa da hannunsa.

Masu goyon bayan manhajar kundi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ilmin halittu ilmi ne na gani: hoton ƙwayar halitta a ƙarƙashin madubi, zanen fure, taswirar wurin da aka tsinko ganye. Zallar rubutu ba ta ɗaukar hoto, iyakarta ta ambaci sunan fayil ɗin hoton da ke ajiye a gefe, kuma idan aka raba su to an shiga uku. OneNote kuwa tana barin mutum ya yi zane da hannu a kan hoton, har ta nemo kalmar da ke cikin hoton allo da aka ɗauka a aji. Ga ɗalibin da ke bitar darasin zango ɗaya, wanda bayan jarrabawa ba zai sake waiwayar bayanan ba, wannan sauƙi ya fi ƙarko muhimmanci, kuma babu dalilin hana shi. Hujja ta biyu ta fi nauyi: fayil ɗin zallar rubutu kowa na iya sauya shi ba tare da barin alama ba, alhali littafin gwaji shaida ne da ake dogara da shi idan an yi jayayya kan wanda ya fara gano abu, ko an zargi wani da ƙirƙirar sakamako. Maganin wannan shi ne manhajar Git, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane layi da aka sauya da lokacin da aka sauya shi, amma koyonta yana cin lokaci, kuma a ɗakin gwaji littafi ɗinkakke mai lambar shafi har yanzu yana da gurbinsa.

Abin farin ciki shi ne tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta ragu ƙwarai. A 2003 wani masanin taurari, Carsten Dominik, ya ƙirƙiro Org-mode a cikin Emacs domin tsara bayanansa da ayyukansa, a 2004 kuma John Gruber ya fito da Markdown, wata hanya ta nuna kanun magana da jeri da mahaɗar hoto ta amfani da alamomi 'yan kaɗan kamar # da tauraro. A kan wannan aka gina manhajoji irin su Obsidian, ta 2020, waɗanda a fuska manhajar kundi ne, suna nuna hotuna suna haɗa shafi da shafi, amma a ƙarƙashi fayilolin zallar rubutu ne zube a cikin jakar mutum. Don haka gwajin da ya kamata a yi wa kowace manhaja kafin a miƙa mata aikin shekaru ba shi da wuya: a rufe ta, a shiga jakar da ta ajiye bayanan, a buɗe fayil ɗaya da Notepad. In an iya karanta shi, manhajar 'yar aiki ce, ana iya sallamarta ranar da aka ga dama. In kuwa tarkace ne ya fito, ko ma ba a ga fayil ɗin ba sam, to ita ce ke riƙe da makullin.

Malaman da ke duba ayyukan ɗaliban digiri na biyu da na uku su ne suka fi cancanta su kafa wannan al'ada, domin su ne ke gadon bayanan idan ɗalibi ya kammala ya tafi. Ba abu ne mai tsada ba su buƙaci kowane ɗalibi ya miƙa, tare da kundin digirinsa, jaka guda ta bayanan daji da na ɗakin gwaji a zallar rubutu, kowane fayil da sunan da ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-08-17, domin su jeru da kansu bisa tsarin lokaci, hotuna kuma a jakar da ke kusa da suna iri ɗaya. Zallar rubutu ba ta hana faifai lalacewa ko ɓarawo ɗauke kwamfuta, saboda haka sai a ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam, ɗaya a sashe, ɗaya a ɗakin karatu na jami'a. Wannan ma ba nauyi ba ne, domin shafi dubu na zallar rubutu bai kai girman hoto ɗaya mai kyau da wayar hannu ke ɗauka ba.