Gumin Ɗan Ƙwallo Ba Sadaka Ba Ne

Jama'a, an ishe mu da waƙar Amurka: wai tun 1984 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, saboda haka mu ma mu yi koyi. Mu kam mun ƙi! Ai wanda ya ƙoshi ake janye wa akushi.

A 1990 aka mai da ƙwallon ƙafa sana'a a Nijeriya, amma akasarin ƙungiyoyinmu, har da Kano Pillars da Jigawa Golden Stars, mallakar gwamnatocin jihohi ne, a baitulmali suke kiwo. Sau da yawa a ƙasar nan yarjejeniyar kaka guda ake ba yaro. Ƙafa ta karye, babu sabuntawa, babu diyya, a sallame shi yana bin bashin watanni. Haba! Ko manomin shinkafa a fadamar Auyo yakan ji kunyar kwana da haƙƙin ɗan ƙodago.

To, me zai zaunar da Ahmed Musa, bayan ƙwallaye 18 a Pillars, da ba zai tsallaka Holan ba a 2010? Muna neman yarjejeniyar shekara uku, kuma kowace ƙungiya ta ajiye albashin kaka a banki kafin alƙali ya busa usur.