Sharhi: An sauke mutanen Diffa daga babur, wa zai gyara musu hanyar ƙafa da ta keke?

Duk wanda ya fita daga birnin Diffa da sassafe ya nufi gabas a kan babbar hanyar RN1, kafin ya kai Assaga zai ga yadda jama'ar yankin ke zirga-zirga. Mata ne ɗauke da itace ko jarkokin ruwa, yara ƴan makaranta a jere, magidanci a kan keke da buhu a bayansa, sai amalanken shanu. Dukkansu gefen kwalta ɗaya suke rabawa da manyan motocin kaya da ayarin jami'an tsaro. Idan mota ta taho da gudu, na ƙasa ne ke sauka cikin rairayi.

Wani ɓangare na wannan tafiyar ƙasa talauci ne ya kawo ta, kamar ko'ina a karkara. Amma a Diffa akwai ƙarin dalili: hukuma da kanta ta sauke mutane daga babur saboda tsaro. Shi ya sa batun tanadar wa masu tafiya a ƙasa da masu keke hanya ya fi nauyi a nan fiye da sauran jihohin Nijar. Wanda ya karɓe wa mutum abin hawa, ya hau kansa ya duba yadda mutumin zai isa gona, kasuwa da asibiti.

Yadda aka karɓe babur

A ranar 6 ga Fabrairun 2015 ne mayaƙan Boko Haram suka kai hari kan garuruwan Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, dokar da aka riƙa sabuntawa bayan kowane wata uku. Cikin matakan da suka biyo baya har da hana hawa babur, da hana cinikin tattasai da kifi, da taƙaita sayar da fetur da takin zamani. Hujjar hukuma ita ce a kan babur maharan ke zuwa su gudu, kuma daga tattasai da kifi suke samun haraji.

Ba a Diffa aka fara ba. An hana babur a Maiduguri tun 2011. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Daga baya Tillabéri ta bi sahu a farkon 2020. Sai dai Kano da Maiduguri manyan birane ne masu kwalta, inda a-daidaita-sahu ya maye gurbin babur. A kwarin kogin Komadugu kuwa, babur ne ke shiga inda mota ba ta shiga. Shi ne tasin ƙauye, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun tattasai bakin hanya, kuma sana'ar kabu-kabu ce ke ciyar da ɗimbin matasa da iyalansu.

An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019. Amma shekarun da aka shafe babu babur sun canza yadda gidaje ke lissafin tafiya. Mai ɗan hali ya sayi keke ko ya shiga a-daidaita-sahu. Marar hali ya dogara da ƙafarsa.

Garuruwan da suka dawo bakin kwalta

Assaga, da ke kilomita goma da ɗoriya daga birnin Diffa, na cikin wuraren da wannan lamari ya fi fitowa fili. Bayan hare-haren 2015 mutanen ƙauyen da ke bakin kogi sun tashi sun koma gefen RN1, tare da ƴan gudun hijira daga tsallaken Najeriya. Haka aka samu sansanoni a jere a kan hanyar, irin su N'Gagam, Garin Wanzam da Kindjandi, musamman bayan harin Bosso na ranar 3 ga Yunin 2016.

Ma'anar hakan ita ce, hanyar da aka gina domin motocin da ke haɗa Yamai da N'Guigmi ta zama tsakar gidan dubban mutane. A bakinta ake kasuwa, a kanta yara ke tsallakawa zuwa makaranta da wurin ɗiban ruwa. Gonakin kuwa suna can bakin kogi, inda manomi zai tafi da safe ya dawo kafin duhu. Agajin da ya zo ya fi karkata ga abinci, ruwa, matsuguni da magani, kuma babu mai musun cewa su ne na gaggawa. Amma tazarar da ke tsakanin bukka da gona, ko tsakanin bukka da asibiti, an bar wa kowane gida ya san yadda zai yi da ita.

Ko da gwamnatin Mohamed Bazoum ta fara mayar da mutane garuruwansu a Yunin 2021, inda aka soma da Baroua, tambayar ba ta kau ba. Wanda ya koma ƙauye na buƙatar hanyar da zai fito da amfanin gonarsa. Ga kuma ambaliyar Komadugu, kamar ta 2019 da ta 2022, wadda kan yanke hanyoyin ƙauyuka na tsawon makonni.

Ina kuɗin hanya ke tafiya?

A shekaru goma sha biyar da suka wuce Nijar ta kashe maƙudan kuɗi a kan hanyoyi. A Yamai an gina gadojin sama na Mali Béro da na Diori Hamani, da babban titin da aka yi gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019, da gada ta uku a kan kogin Isa mai sunan Janar Seyni Kountché. A jihohi kuma akwai shirin bikin 18 ga Disamba mai zagayawa: Maradi Kolliya, Zinder Saboua, har ya iso kan Diffa N'Glaa da aka yi a 2021, wanda ya kawo wa birnin sababbin tituna da gine-gine.

Waɗannan ayyuka suna da amfani. Matsalar tana wurin ma'auni. A bikin ƙaddamarwa kilomitocin kwalta ake ƙirgawa. Ba a cika tambayar mita nawa aka ware wa mai tafiya a ƙasa ba, ko wurare nawa aka tanada domin yara su tsallaka lafiya. A ƙasar da ƙalilan ne ke da mota, wannan ma'auni na nufin mafi yawan kuɗin na hidima ga ƴan tsiraru.

Ba Nijar kaɗai ke da wannan hali ba. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da abokan aikinta a 2022 ya ce sama da mutum biliyan ɗaya a Afirka na tafiya a ƙasa ko a keke kullum, kusan minti 56 a rana. Rahoton ya ƙiyasta cewa masu tafiya a ƙasa 261 da masu keke 18 ne ke mutuwa kowace rana a kan titunan nahiyar. Tun 2016 hukumar ke kira ga gwamnatoci su ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kasafin sufuri ga waɗannan mutane.

Akwai waɗanda suka gwada. Birnin Nairobi ya amince da irin wannan kaso a manufarsa ta 2015, ko da yake aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Habasha na da tsarin ƙasa na shekarun 2020 zuwa 2029. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba ƴan mata kuɗin sayen keke a 2006, kuma binciken masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya gano cewa shigar ƴan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Ba sai an je nesa ba ma: a Wagadugu, mace a kan keke da kayan kasuwa ba abin kallo ba ce.

Darasin Bihar ya dace da Diffa, inda makarantar sakandare kan yi nisa da ƙauye, iyaye kuma na fargabar barin yarinya ta yi doguwar tafiya ita kaɗai. Sau da yawa nisan hanya ne ke fara yanke karatun, kafin maganar aure ta biyo baya.

Inda kuɗin zai iya fitowa

Amsar da aka saba ji ita ce babu kuɗi, tsaro ya cinye komai. Gaskiya ne aljihun gwamnati ya matsu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkuman da suka biyo baya. Amma akwai ƙofofi uku da ba sa buƙatar sabon bashi.

Ta farko man fetur ne. Rijiyoyin Agadem a cikin jihar Diffa suke. Daga nan ake kai ɗanyen mai matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, daga nan kuma bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 ya tashi zuwa gaɓar tekun Benin. Dokar man fetur ta Nijar ta tanadi kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da ake samu ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙowa. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kokawa kan jinkirin biyan wannan kaso. Idan aka biya shi a kan lokaci, aka keɓe wani yanki domin hanyoyin burji, kwalbatoci da fitilun hasken rana, mutumin Assaga zai ga amfanin man jiharsa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ta biyu ita ce ayyukan da aka riga aka ci bashi ko aka karɓi tallafi dominsu. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 80 ga shirin PARCA na tallafa wa ƴan gudun hijira da masu masaukinsu. A 2020 kuma ya amince da dala miliyan 170 ga shirin PROLAC na farfaɗo da yankin Tafkin Chadi a Kamaru, Chadi da Nijar, wanda gyaran hanyoyin karkara na cikin ginshiƙansa. A irin waɗannan ayyuka, abin da ake buƙata shi ne sharaɗi a takardar kwangila: duk hanyar da ta ratsa gari ko sansani, a yi mata faffaɗan gefe mai ƙwari, da tudun rage gudu a gaban makaranta da kasuwa.

Ta uku haraji ne. Keke da kayan gyaransa daga waje suke shigowa, su biya kwastan, su biya harajin TVA na kashi 19 cikin 100. A Yulin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin litar fetur zuwa sefa 499. Gwamnatin da ta iya yafe wani abu domin mai injin, za ta iya yafe wani abu domin mai taka feda. Cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya rage arhar man ƴan ruwa-ruwa da garuruwan kan iyaka suka dogara da shi, ƙarancin fetur na Maris 2025 kuma ya nuna cewa ko ƙasa mai haƙo mai na iya wayar gari da dogayen layuka. Keke ba ya bin layi.

Sai dai akwai wani giɓi. A Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. Yanzu babu kansilan da mai unguwa zai tare ya tambaya ina kuɗin. Hakan ya ƙara ɗora nauyi a kan sarakunan gargajiya, ƙungiyoyin matasa da na mata, da ƴan jarida, su nemi a liƙa kasafin kowace ƙaramar hukuma inda kowa zai gani.

Iyakar keke

Masu shakku na da hujjojinsu. Keke ba ya tafiya cikin rairayi mai zurfi, kuma rairayi ya yi yawa a Diffa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40. Keke ba zai kai mai naƙuda asibiti da dare ba. Kuma babu gefen titin da zai kare manomi daga ɗan bindiga ko nakiya a hanyar gona.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a ɗauki keke a matsayin abin da zai biya diyyar babur ba. Matashin da ya rasa kabu-kabu na da haƙƙin a dawo masa da sana'arsa a duk inda tsaro ya samu, da rajista da lamba. Amma hujjar rairayi hujja ce ta a zuba burji. Hujjar zafi kuma ta dasa itatuwa ce da kafa famfo a bakin hanya. Waɗannan ayyuka ne da hannu ke yi, ba sai an kawo kamfanin waje ba, kuma kuɗinsu na komawa aljihun matasan yankin, tare da masu faci da masu sayar da taya da kaca.

Akwai kuma batun ido. A wurin matasa da yawa, daga Diffa har Kano, keke alamar rashi ce, babur ko mota kuma alamar an samu. Ƴan ƙasar da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Jamus sun san cewa a can likita da malamin jami'a na zuwa aiki a kan keke, saboda an yi musu hanya. Ƙungiyoyin ƴan asalin jihar da ke waje, waɗanda suka saba tara kuɗin rijiya da masallaci, za su iya gwada abu ɗaya: kekuna ga ƴan matan makarantar sakandare guda, tare da mai gyara guda da aka horar a garin. Raba keke ba tare da mai gyara ba, tara tsohon ƙarfe ne.

A ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, manyan birane kan yi jerin gwano da jawabai. A Diffa wannan rana ce ta tunawa da harin Bosso da ya tura dubban mutane bakin kwalta da ƙafa. Abin da zai nuna ko an tuna da su shi ne kasafin kuɗi na gaba: ko akwai layi mai ɗauke da sunan masu tafiya a ƙasa, da adadi a gabansa, da sunan hanyar da za a fara da ita. Tsakanin Diffa da Assaga wuri ne mai kyau na farawa.