Ina Ya Kamata Harafi Ya Yi Kauri?

Lokacin bikin yaye ɗalibai ya kusa, kuma mun san a kowane aji akwai wanda ake ɗora wa aikin zana rubutun riga ko kalanda. Yawanci abin da ake yi shi ne a buɗe kwamfuta, a zaɓi salon rubutu mai ƙawa, a buga sunan ajin. Sai a zo kan ƙ, ɗ ko ɓ, a tarar da ɗan akwati a wurin, domin da yawa daga cikin salon nan ba su san da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Daga nan sai a haƙura a cire lanƙwasar, "ƙasa" ta koma "kasa", a buga riga hamsin a haka. Mafita ita ce mutum ya iya zana harafinsa da kansa.

Manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su CorelDRAW da ke kusan kowane shagon buga kati, da Illustrator, da Inkscape wadda kyauta ce, duk zanen bekta suke yi. Ba sa ajiye zane a matsayin tarin ɗigogi kamar hoton waya. Lissafin layin suke ajiyewa: inda ya tashi, inda ya lanƙwashe, inda ya tsaya. Shi ya sa harafin da kuka zana don bajen makaranta zai hau allon talla ba tare da ya dushe ba. Lissafin yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniya a kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a shekarun 1960.

Matsalar ita ce layin da kwamfuta ke ja kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar wayar da aka lanƙwasa. Harafin da aka yi da shi yana karantuwa, amma ba shi da rai. Don haka aka ƙirƙiro kayan sauya kauri. Illustrator ta zo da Width Tool a 2010: ku danna Shift da W, ku kama layin a duk inda kuke so, ku ja, sai ya kumbura a wurin. A Inkscape sunansa Power Stroke. Za ku fara jan ƙashin harafin da siririn layi, ku ɗora masa wannan, sai wasu 'yan maɗauri su fito a gefen layin, kuna jan su kaurin yana ƙaruwa ko raguwa.

Koyon wannan ba ya cin minti goma. Abin da manhajar ba za ta taɓa gaya muku ba shi ne wurin da ya dace kaurin ya zauna, kuma a nan ne aiki ke lalacewa. Muna yawan ganin alluna a bakin titi da haruffa sun kumbura a ko'ina, kai ka ce zuma ce ta harbe su.

Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara a makarantar allo ya riga ya san amsar, ko da bai lura ba. Idan bakin alƙalami yana da faɗi, to in ka ja shi ta fuskar faɗin sai tawada ta zauna da kauri, in ka ja shi ta gefe sai ya bar siririn layi. Alƙalamin ne ke raba kaurin, hannu jan sa kawai yake yi. Haruffan boko ma daga irin wannan alƙalami mai faɗin baki suka samo kamanninsu, ana riƙe shi a karkace kamar digiri 30.

Ku gwada yau ba tare da kwamfuta ba. Ku ɗaure fensir biyu da robar ɗaure kuɗi, ku karkata su yadda na dama zai ɗan fi na hagu hawa sama, kada ku juya hannu, ku rubuta babban O. Za ku ga layukan biyu sun matse a wajen ƙarfe 11 da ƙarfe 5 na fuskar agogo, sun buɗe a wajen 2 da 8. Ku rubuta A: ƙafar hagu siririya, ta dama mai kauri. V kuwa akasin haka. Ku duba kanun labarin jarida mai irin wannan salo, haka za ku tarar. Sai ku rubuta ƙ, ku ga yadda lanƙwasar samanta ke sirancewa kafin ta sauko cikin sandar. Ku ɗauki hoton takardar, ku saka shi a manhajar, ku bi shi.

A ganinmu maɗauri biyu ko uku sun ishi kowane layi. Da zarar sun yi yawa, gefen harafin sai ya riƙa tudu da kwari. Kuma duk sandunan kalma ɗaya, ta b da ta ɗ da ta l, kaurinsu ya zama ɗaya. Ku auna, kada ku yarda da ido.

Kafin ku kai wa mai bugawa, ku mayar da layukan cikakkiyar siffa, domin kaurin da Inkscape ta gane ba lalle ne kwamfutar shagon ta gane shi ba. A Inkscape ku zaɓi rubutun ku danna Shift, Ctrl da C tare. Amma ku fara ajiye kwafi ɗaya na asali a gefe, don bayan wannan mataki maɗauran sun tafi, kuma da wuya shugaban aji bai dawo ya ce a ƙara wa harafin farko kauri ba.