Kafin a gina tashar nukiliya, wa zai kwashe shararta?

Yau magana ce a kan wani aiki da ba kasafai ake ambatonsa ba idan yaranmu na zaɓen kwas, wato aikin masu kula da sharar nukiliya a ɗakunan bincike. Na san wani zai ce, mu nan Sabiyal da ke fama da tsadar taki da rashin tsaro, ina ruwanmu da nukiliya? Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Da farko, abin nan yana Arewa tuni. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike mai suna NIRR-1, ƙirar Sin, yana aiki tun 2004. A 2018 aka cire masa yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun miyagu, aka mayar da shi Sin, aka sa masa mai rauni. A cibiyar nan kuma akwai wurin ajiyar wucin gadi na kayan da suka gama aiki amma suna ci gaba da fitar da tururi, wanda ake kira radiyeshan. Akwai 'yan ƙasar nan da wannan ne aikinsu kullum.

Me suke yi? Duk abin da ya taɓa sinadarin, safar hannu ce, kwalba ce, ruwan wanki ne, sai an auna shi, a ware shi, a rubuta sunansa da ƙarfinsa da ranar da ya shigo. Dalili kuwa, kowane sinadari da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Wanda ake amfani da shi a wasu hotunan asibiti, teknishiyom-99m, awa 6 ne, don haka a kulle shi 'yan kwanaki ya wadatar. Kobalt-60 shekara 5 da 'yan watanni. Siziyom-137 kusan shekara 30. Radiyom-226 kuwa shekara 1,600. Masu daɗewar nan ake rufewa cikin dalma ko siminti a ganguna. Ma'aikaci yana kare kansa da abu uku: taƙaita lokaci, ba da tazara, da sa garkuwa tsakani. A ƙirjinsa kuma akwai 'yar na'ura mai lissafa abin da jikinsa ya ɗauka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke ɓata idan an yi canjin ma'aikata ko an sauya ofis. To ku duba aikin da rajistarsa dole ta rayu bayan wanda ya rubuta ta, da jikokinsa. Shi ya sa nake ganin rabin wannan aiki kimiyya ne, rabi kuma amana.

Ga inda abin ya zo ƙofar gidanmu. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɗauko kan injin gashin cutar daji suka sayar wa mai sayen tsoffin ƙarafa. Da aka fasa, sai ga wani gari yana ƙyalli shuɗi cikin duhu. Siziyom-137 ne. Aka riƙa raba wa 'yan'uwa don sha'awa. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6. An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da abin ya taɓa, aka rushe gidaje. Yanzu ku tuna matasanmu 'yan gwangwan, daga Jega har Legas da Fatakwal. Kamfanonin mai da na gina hanya suna amfani da na'urorin awo masu irin waɗannan sinadarai. Tururin ba ya wari, ba a ganinsa. Yaron da ya tsinci ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa murna zai yi, tunda a kan sikeli ake biya.

Kada a fahimce ni a baibai, ba tsorata mutane nake yi ba. Injin hoton ƙashi na asibiti ba ya barin irin wannan shara, da an kashe wuta shi ke nan. Kuma fasahar tana da amfanin da ya shafe mu kai tsaye. Kowa ya san asarar da manomin albasa na Aliero ke yi a ajiya. Haska albasa da tururin kobalt-60 yana hana ta tsiro, ba ya kuma mayar da ita guba, akwai ma irin wannan na'ura a Sheda kusa da Abuja. Amma ranar da kobalt ɗin ya yi rauni, wani ne zai cire shi ya adana ko ya mayar wa wanda ya sayar. In kana son zuma, sai ka tanadi mai iya shiga wurin ƙudan.

A 2017 Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan batun gina tashar lantarki ta nukiliya, ana ambaton Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Duk lokacin da maganar ta taso, megawat ake ƙirgawa, ba ka jin wanda ya tambayi inda sharar za ta kwana. Mu leƙa maƙwabta mana. A Arlit ta Nijar, da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, an bar tulin shara na kusan tan miliyan 20. Mu kuma ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta ci yara kusan 400. Ita ba nukiliya ba ce, amma darasin ɗaya ne: gubar da ido ba ya gani, talaka take fara ci.

Don haka ra'ayina shi ne, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, NNRA, da ta fara aiki a 2001, ta sauko kasuwannin gwangwan da Hausa, a rediyo da bakin shugabannin sana'ar. A koya wa kowa alamar nan mai fuka-fukai uku kamar fanka, a kan launin ruwan ɗorawa. Wanda ya gan ta a jikin ƙarfe kada ya fasa, kada ya kai gida, ya yi nisa ya sanar da hukuma. Gwamnatin Kebbi kuma ta ware tallafin karatu ga ɗalibanmu na fiziks da kemistiri a jami'ar Aliero, su wuce Zariya su ƙware a wannan fanni.

Mu iyaye kuma mu daina jin kalmar shara mu yamutsa fuska. Ba kowa zai zama likita ba, kuma injin gashin da likita ke warkarwa da shi, wani ne ke raka shi makwancinsa lafiya.

Mai ɗan'uwa a harkar gwangwan, don Allah ya tura masa wannan. Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani.